Sarki Joji na Shida: Rayuwar Sarkin Ingila da Taba Ta Cinye wa Huhu

Dattawan Amarawa da sauran garuruwan ƙasar Illela da suka yi wayo kafin 'yancin kai za su iya tuna sule mai hoton kan wani Bature marar gemu, da kwabo mai huda a tsakiya wanda ke ɗauke da sunansa. Wannan Bature shi ne Sarki Joji na Shida, mahaifin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Ya yi sarautar Ingila daga 1936 zuwa 1952, lokacin Nijeriya tana hannun Turawan Ingila, kuma a zamaninsa ne aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1938. Ya rasu yana da shekara 56, wata huɗu da rabi bayan likitoci sun cire masa huhun hagu saboda ciwon daji, wato kansa.

Mun kawo tarihinsa a wannan shafi ne domin yadda cutar ta same shi, da alamun da ta nuna, da yadda aka yi jinkirin gano ta, duk abubuwa ne da muke gani a asibitocinmu har gobe.

Ƙuruciya da i'ina

An haife shi ranar 14 ga Disamba 1895 a Sandringham, aka sa masa suna Albert. Shi ne ɗa na biyu, saboda haka ba wanda ya sa ran zai hau gadon sarauta. Yaro ne mai kunya, mai yawan ciwon ciki. Bahago ne, amma aka tilasta masa rubutu da dama. Tun yana ƙarami yake fama da i'ina mai tsanani, har magana a gaban mutane ta zame masa azaba.

A 1909 aka kai shi makarantar sojan ruwa. Yana cikin jirgin yaƙi a gumurzun Jutland na 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan a 1917 aka yi masa tiyata saboda gyambon ciki. Tun yana saurayi ya fara shan taba sigari. A gidan ya tarar da ita: kakansa Sarki Edward na Bakwai da mahaifinsa Sarki Joji na Biyar duk mashaya taba ne, kuma dukansu sun yi fama da ciwon ƙirji a ƙarshen rayuwarsu. A wancan zamani ana ba sojoji sigari cikin guzurinsu, mutane da yawa kuma sun ɗauka tana kwantar da hankali. Ga saurayin da zuciyarsa ke bugawa duk sa'ad da aka ce ya tashi ya yi magana, ba abin mamaki ba ne ya riƙe ta.

A 1923 ya auri Elizabeth Bowes-Lyon, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Elizabeth a 1926 da Margaret a 1930. Bayan wani jawabi da ya sha wuya a kansa a filin Wembley a 1925, ya fara zuwa wurin wani mai koyar da magana ɗan Ostireliya, Lionel Logue, wanda ya taimaka masa ƙwarai. I'inar ta yi sauƙi, tabar kuwa tana nan.

Sarautar da bai nema ba

A Disamba 1936 wansa, Sarki Edward na Takwas, ya yi murabus domin ya auri wata bazawara 'yar Amurka. Nauyin ya faɗo kan Albert, ya ɗauki sunan mahaifinsa, aka yi bikin naɗinsa ranar 12 ga Mayu 1937. Shekara biyu bayan haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Sarki ya ƙi barin ƙasar, har bam ya faɗa fadar Buckingham a Satumba 1940 yana ciki shi da matarsa. Ya riƙa ziyartar unguwannin da aka rusa, da masana'antu, da sansanonin soja. Da sunansa ne dubban matasan Arewa suka tafi yaƙi a gabashin Afirka da Bama. Waɗannan shekaru shida sun sa jama'arsa suka ƙaunace shi, sun kuma gajiyar da shi. Duk tsawonsu yana shan taba mai yawa kowace rana.

Gargaɗin farko ya zo ta ƙafa

A 1948 Sarki ya fara jin ciwo da ɗaurewar tsoka a ƙafafunsa, ƙafar ta riƙa yin sanyi tana mutuwa. Likitoci suka gano jijiyoyin jinin ƙafafun sun ƙuntace, har aka ji tsoron za a yanke ta dama. Aka ɗage tafiyar da zai yi zuwa Ostireliya da New Zealand. A Maris 1949 Farfesa James Learmonth ya yi masa aiki a baya, ya yanke wasu jijiyoyin saƙo da ke sa jijiyoyin jini matsewa, ƙafar ta tsira.

Abin lura a nan shi ne, taba ba huhu kaɗai take ci ba. Hayaƙinta yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo kansa. Wasu suna lalata bangon jijiyoyin jini na ƙafa da na zuciya da na ƙwaƙwalwa. Wasu kuma suna zama a hanyoyin iska na huhu, suna ɓata tsarin ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a wurin kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har wata ƙwaya ta fara hayayyafa ba tsayawa, ta zama ƙari. Mai shan taba da ya fara jin ciwon sha-raɓa idan ya yi tafiya, ya tsaya ya huta ciwon ya lafa, to jikinsa ya riga ya fara ba shi labari.

A daidai wannan lokaci ne ilimi ya kama taba dumu-dumu. A Mayu 1950 Ernst Wynder da Evarts Graham suka buga bincikensu a Amurka. A Satumba na wannan shekara Richard Doll da Bradford Hill suka buga nasu a Landan: cikin maza 649 masu kansar huhu da suka yi wa tambayoyi, biyu ne kacal ba sa shan taba. Doll da kansa ya daina sha tun binciken bai ƙare ba. Amma Sarki ya riga ya shafe shekaru fiye da 30 yana sha.

A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba ce sanadin kusan kashi 85 cikin 100 na kansar huhu. A 2022 cutar ta kama mutum kusan miliyan 2.5 a duniya, ta kashe kusan miliyan 1.8, fiye da kowace irin kansa. Shisha ma taba ce, ruwan da ke cikin tulun ba ya tace gubar. Matar mai shan taba da 'ya'yansa da ke shaƙar hayaƙin a ɗaki su ma suna cikin haɗari. Akwai kuma wasu sanadan da suka shafe mu: hayaƙin dizal, irin wanda direbobi da 'yan dako da masu talla ke wuni cikinsa a inda manyan motoci ke jeruwa a bakin iyaka, hayaƙin girki a rufaffen ɗaki, musamman na kwal, kuma ana kyautata zaton na itace ma haka, ƙurar asbestos ta tsofaffin rufi da silin, da gurɓatacciyar iska. Saboda haka wanda bai taɓa kunna sigari ba shi ma yana iya kamuwa, ko da yake haɗarinsa bai kai na mai sha ba.

Tarin 1951

Ranar 3 ga Mayu 1951 Sarki ya buɗe babban bikin baje kolin Birtaniya, mutane suka lura ya rame. Kafin watan ya ƙare ya kwanta da zazzaɓi da tari. Da farko an ɗauka mura ce mai ƙarfi. Hoton ƙirji ya nuna wata inuwa a huhun hagu, aka ce kumburi ne, aka sa shi kan allurar fenisilin. Zazzaɓin ya sauka, amma tarin da kasalar suka ƙi tafiya. A watan Yuni 'yarsa Elizabeth ce ta wakilce shi a faretin sojoji na shekara. Ya tafi hutu, aka ci gaba da jira.

Sai a Satumba aka sake ɗaukar hotuna na musamman. Daga nan aka zura masa siririn bututu mai fitila ta maƙogwaro zuwa hanyar iska, aka ɗebo ɗan yankin nama aka duba. Kansa ce, ta toshe hanyar iskar huhun hagu. Tsakanin inuwar farko da sanin sunan cutar, kusan wata huɗu sun wuce, alhali mutumin yana da manyan likitocin ƙasarsa a bakin ƙofa.

Dalilin wannan ruɗani bai canja ba. Idan ƙari ya toshe hanyar iska, majina takan taru a bayansa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, mutum ya yi zazzaɓi da tari kamar mai nimoniya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta zai sauke zazzaɓin, kowa ya ce an warke, ƙarin kuwa yana nan yana girma. Naman huhu kansa ba ya jin zafi, shi ya sa cutar takan yi nisa kafin ta dami mai ita.

A ƙasarmu abin da kansar huhu ta fi fakewa bayansa shi ne tarin fuka, wato tibi. Tari mai daɗewa, kaki da jini, rama, zazzaɓin dare, duk sun yi kama. Tibi ta fi yawa nesa ba kusa ba, don haka daidai ne a fara da gwajinta, kuma gwajin kaki da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Matsalar tana zuwa ne idan gwajin kaki bai nuna tibi ba, aka sa mutum kan magani saboda hoton ƙirji kawai, ya yi wata biyu yana sha ba sauƙi, kuma ba wanda ya sake tambayar ko wani abu ne daban. Kada majinyaci ya daina maganin tibi da kansa. Ya koma wurin likita ya faɗa masa cewa ba ya samun sauƙi, ya tambaya ko akwai buƙatar ƙarin bincike. Wani lokaci ma cututtukan biyu sukan haɗu a ƙirji ɗaya.

Alamun da ya kamata su kai mutum asibiti, musamman wanda ya haura shekara 40 kuma yana shan taba ko ya taɓa sha, su ne: tarin da ya wuce mako biyu zuwa uku; tsohon tarin mai shan taba da ya canja sauti ko ya ƙaru; jini a kaki ko da ɗigo ne, ko da sau ɗaya ne; ciwon ƙirji ko kafaɗa da ya ƙi tafiya; haki a aikin da a da ba ya sa haki; dishewar murya ta makonni; nimoniya da ke dawowa a gefe ɗaya; rama da rashin cin abinci ba dalili; kan yatsu ya kumbura farce ya lanƙwashe kamar bayan cokali; kumburin fuska da wuya; ko kaluluwa a saman ƙashin wuya. Idan cutar ta bazu takan zo da ciwon ƙashi, ko ciwon kai mai tsanani, ko raunin wani sashe na jiki.

Tiyata a cikin fada

Ranar Lahadi 23 ga Satumba 1951 aka mayar da wani ɗaki na fadar Buckingham ɗakin tiyata. Likitan fiɗa Clement Price Thomas na asibitin Westminster ya cire huhun hagu gaba ɗaya. Aikin ya taɓa jijiyar da ke motsa maƙogwaro, muryar Sarki ta dishe. Irin wannan aiki bai daɗe da samuwa ba a lokacin. Evarts Graham, wanda muka ambata a sama, shi ne ya fara yin sa cikin nasara a kan mai kansar huhu a 1933, kuma majinyacin, wani likita mai suna James Gilmore, ya rayu shekara 30 bayan aikin. Wannan ya nuna tun a wancan lokaci cewa idan an cire ƙari kafin ya bazu, ana warkewa.

A zamanin Sarki wuƙa ce kusan kaɗai makamin likita. Yanzu abin ya faɗaɗa. Bayan hoton ƙirji akan yi sikanin na CT, a ɗebo yankin nama ta bututu ko ta allura, a san irin kansar da matakinta daga na 1 zuwa na 4. Iri biyu ne manya: mai ƙananan ƙwayoyi, wadda take kusan kashi 15 cikin 100 kuma tana saurin bazuwa, da ɗayar mai kusan kashi 85. Huhun dama yana da ɓangare uku, na hagu biyu, kuma idan an gano cutar da wuri sau da yawa ɓangare ɗaya kawai ake cirewa. Akwai gashi da na'ura, akwai kemo, akwai ƙwayoyin sha da ake ba wanda gwaji ya nuna kansarsa tana da wani canji na musamman, akwai kuma magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi ƙarin. Waɗannan na ƙarshe suna da tsada ƙwarai, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Ga mutanen Amarawa, hanya ita ce a fara da babban asibitin Illela, a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai sashen kula da masu kansa. A riƙa tafiya da duk tsofaffin hotunan ƙirji da sakamakon gwaje-gwaje, ko a Birnin Ƙonni aka yi su, domin kwatanta hoton bara da na bana yana gaya wa likita abu mai yawa.

Ko cutar ta wuce a warkar da ita, aikin likita bai ƙare ba. Ana iya zuƙe ruwan da ya taru a ƙirji, a rage haki, a tsayar da jini da gashi, a kashe zafi da magunguna masu ƙarfi irin su mofin. Bai kamata a bar mutum a ɗaki yana murƙususu don an ce ba magani ba.

Abin da aka ɓoye masa

Likitocin Sarki ba su faɗa masa sunan cutarsa ba. Sanarwar da aka liƙa a ƙofar fada ta yi maganar canje-canje a tsarin huhu ne kawai, shi kuma aka bar shi a kan cewa toshewar hanyar iska ce aka gyara. Al'adar likitoci ke nan a wancan zamani. Ya yi ta shirin tafiyar hutu zuwa Afirka ta Kudu yana ganin ya samu lafiya. Jawabinsa na Kirsimeti na 1951 sai da aka naɗe shi guntu-guntu kafin ranar, saboda murya da numfashi sun gaza.

Ranar 31 ga Janairu 1952 ya fita cikin sanyi zuwa filin jirgin sama na Landan ya raka 'yarsa Elizabeth da mijinta, waɗanda za su bi ta Kenya su yi ziyarar da shi ya kasa yi. Ranar 5 ga Fabrairu ya wuni farauta a Sandringham, ya ci abincin dare da iyalinsa, ya kwanta. Da safiyar 6 ga Fabrairu aka tarar ya cika a cikin barci. Likitocinsa suka ce toshewar jijiyar zuciya ce, cutar da ita ma taba ke kan gaba wajen jawo ta. Labarin ya iske Elizabeth a Kenya, ta zama sarauniya tana da shekara 25.

Ɓoye wa majinyaci cutarsa abu ne da muka sani sarai. 'Yan'uwa sukan ja likita gefe su roƙe shi kada ya gaya wa Baba, don kada hankalinsa ya tashi. Tausayi ne ke sa su, ba shakka. Amma mai ciwon shi ne zai amince da tiyata ko kemo, kuma ba ya iya zaɓar abin da bai sani ba. Wanda ba a gaya masa ba yakan daina zuwa asibiti da zarar ya ɗan ji dama, ko a sayar da gona da dabbobi ana yawo da shi daga wannan mai magani zuwa wancan. Yana da basussukan da zai so ya biya, da wasiyyar da zai bari, da waɗanda zai so su yafi juna. Sau da yawa ma ya riga ya gane, yana yin shiru ne don ya ga kowa ya yi shiru. Abin da ya fi shi ne a zauna da likita, a tambayi majinyaci iya abin da yake son sani da wanda yake so ya zauna kusa da shi, sannan a faɗa masa a hankali, tare da bayanin abin da za a iya yi masa.

Bayan rasuwarsa

Taba ba ta tsaya kan Sarki ba. Wansa Edward ya rasu a 1972 da kansar maƙogwaro. 'Yarsa Margaret, wadda ita ma ta daɗe tana sha, an cire mata wani yanki na huhun hagu a 1985. Likitan da ya yi masa aiki, Price Thomas, mashayin taba ne, shi ma daga baya kansar huhu ta kama shi. Evarts Graham ya daina sha bayan bincikensa, amma ya makara, cutar ta kashe shi a 1957, majinyacinsa Gilmore yana raye.

A shekarar da aka yi wa Sarki tiyata, Doll da Hill suka fara bin diddigin dubban likitocin Birtaniya, aka ci gaba da binciken har shekara 50. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna mai shan taba yana rasa kusan shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya daina yana ɗan shekara 30 ya tsira da kusan dukkansu. Wanda ya daina a 40 ya ceto kusan 9, a 50 kusan 6, a 60 kusan 3. Sarki Joji bai samu wannan labari da wuri ba, mu kuwa mun samu.

Dokar hana yaɗuwar taba ta Nijeriya ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da ita kara-kara, amma har yanzu ana aiken yara sayo sigari a teburin mai shayi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a daina wannan aike. Mai son dainawa ya sa rana, ya sanar da iyalinsa, ya kawar da sigari da ashana daga aljihu, ya nemi taimakon likita idan ƙishirwar ta fi ƙarfinsa. Kwanakin farko ne suka fi wuya, bayan 'yan makonni abin yakan lafa. Wanda kuma yake da mahaifi ko miji ko wa mai shan taba da tarinsa ya wuce mako uku, ya raka shi asibiti cikin wannan makon a yi masa gwajin kaki da hoton ƙirji.